Babi na Bakwai: Statin, Maganin Rage Kitsen Jini, da Ƙa'idojin Shansa

Yawancin magungunan da mutane suka saba da su ana shansu ne saboda wani ciwo da jiki ya ji, kamar zazzaɓi ko ciwon kai ko gudawa, kuma da zarar sauƙi ya samu sai a ajiye ragowar ƙwayoyin a manta da su. Maganin rage kitsen jini bai bi wannan tsari ba, domin wanda kitse ya yi wa yawa a jini ba ya jin komai a jikinsa, yana cin abincinsa, yana fita kasuwa ko ofis kamar kowa, kuma bayan ya fara shan maganin ma babu wani canji da zai ji wanda zai nuna masa cewa ana samun ci gaba. Takardar gwajin jini ce kaɗai ke nuna halin da ake ciki. Daga nan ne mafi yawan kurakuran da ake yi da wannan magani suke tasowa, saboda mutumin da ba ya ganin amfanin ƙwaya da idonsa yana saurin ajiye ta, yana saurin ɗora mata laifin kowane ciwon jiki da ya same shi, kuma sau da yawa ba ya ma tuna ambatonta idan ya je sayen wani magani dabam.

Kolestarol, wanda aka fi sani da kitsen jini ko maiƙon jini, wani sinadari ne mai kama da kakin zuma da jiki ba ya rayuwa sai da shi, domin da shi ake gina bangon kowace ƙwayar halitta, da shi ake haɗa ruwan madaciya mai narkar da maiƙon abinci, kuma daga gare shi ake samar da bitamin D da wasu sinadaran da ke tafiyar da balaga da haihuwa. Hanta ce ke sarrafa mafi yawansa, abinci kuwa ƙaramin kaso yake kawowa, abin da ya sa ake samun siririn mutum mai kiyaye cimarsa amma gwaji ya nuna kitsen jininsa ya hau. Da yake maiƙo ba ya narkewa a ruwa, jini yana ɗaukar kolestarol ne a cikin wasu ƙananan ƙunshe-ƙunshe, waɗanda biyu daga cikinsu suka fi fitowa a takardar gwaji. Na farko shi ne LDL, mai kai kitsen daga hanta zuwa sassan jiki, wanda idan ya yi yawa yake kutsawa cikin bangon jijiyoyin jini ya taru a hankali tsawon shekaru har hanya ta ƙuntata, ko kuma tarin ya fashe jini ya daskare a wurin, jijiyar zuciya ko ta ƙwaƙwalwa ta toshe. Na biyu shi ne HDL, mai kwaso rarar kitsen ya mayar da ita hanta. LDL ɗin ne abin da magani ke nufa.

Magungunan da likitoci suka fi rubutawa don wannan aiki su ne dangin da ake kira statin, kuma a jikin kwali ana gane su da ƙarshen sunansu: simvastatin, atorvastatin, rosuvastatin, pravastatin da sauransu. Asalinsu daga fumfuna ne. Wani masanin harhaɗa sinadarai ɗan ƙasar Japan mai suna Akira Endo, wanda a lokacin yake aiki a kamfanin Sankyo a birnin Tokyo, ya yi tunanin cewa wasu nau'o'in fumfuna za su iya kare kansu daga ƙwayoyin cuta ta hanyar hana su sarrafa irin wannan kitse, don haka ya gwada dubban nau'o'i har a 1973 ya samu sinadarin da aka sa wa suna compactin. Wannan bai kai kasuwa ba, amma ɗan'uwansa lovastatin, wanda kamfanin Merck ya samo daga wata fumfunar, ya samu amincewar hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka a 1987. Aikin statin shi ne rage gudun wani sinadarin hanta da sarrafa kolestarol ya dogara a kansa, kuma idan hanta ta ga abin da take samarwa ya ragu sai ta ƙara yawan ƙofofin da take jawo LDL daga cikin jini da su. Waɗannan ƙofofi su ne waɗanda Michael Brown da Joseph Goldstein suka gano, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1985.

Rage lamba a takardar gwaji dabam, tsawaita rai dabam, kuma an ɗauki shekaru likitoci da dama suna shakkar ko na farkon yana kai wa ga na biyun. Binciken da ya kawar da wannan shakka shi ne wanda aka gudanar a ƙasashen arewacin Turai aka wallafa a 1994, inda aka raba masu ciwon zuciya 4,444 gida biyu, aka ba kashi ɗaya simvastatin, ɗaya kashin kuma aka ba shi ƙwaya marar magani, aka bi su fiye da shekara biyar. Mace-mace a cikin masu shan maganin sun ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. Bincike da yawa da suka biyo baya, da aka tattara su wuri guda, sun nuna cewa duk lokacin da LDL ya sauka da milimol ɗaya a kowace litar jini, haɗarin toshewar jijiyar zuciya da shanyewar ɓarin jiki yana raguwa da kimanin kashi ɗaya cikin biyar. Wannan ragi yana da girma ga wanda haɗarinsa ke da girma tun farko, wato wanda ya taɓa samun ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, da mai ciwon suga da ya haura shekara 40, da mai ciwon ƙoda, da kuma wanda ya gaji hawan kitsen jini daga iyaye, lamarin da ke samun kusan mutum ɗaya cikin 250. Ga matashi lafiyayye da lambarsa ta ɗan ɗaga kuwa, ribar ƙanƙanuwa ce, kuma sau da yawa gyaran cima da motsa jiki da barin taba sun isa a matakin farko. Saboda haka hukuncin fara maganin na likita ne, bayan ya haɗa shekarun mutum da hawan jininsa da sugansa da tarihin danginsa, kuma wanda ya ga lamba ja a takardarsa ya wuce kemis kai tsaye ya tsallake matakin da ya fi kowanne muhimmanci.

Kafin a rubuta ƙwayar farko akan auna kitsen jini da sinadaran hanta da aikin ƙoda da suga, kuma likita mai lura yakan duba ko halittar maƙogwaro da ake kira tayirod tana aiki yadda ya kamata, domin rauninta yana ɗaga kolestarol kuma yana ƙara yiwuwar maganin ya taɓa tsoka. Adadin da ake bayarwa ya danganta da yawan ragin da ake nema. Atorvastatin miligiram 40 zuwa 80, ko rosuvastatin miligiram 20 zuwa 40, suna sauke LDL da rabi ko fiye, yayin da matsakaicin adadi ke sauke shi da kashi 30 zuwa 49 cikin ɗari. Abin lura a nan shi ne ninka adadin ba ya ninka aikin, domin duk ninki ɗaya kimanin kashi 6 cikin ɗari kawai yake ƙarawa, alhali yiwuwar illa tana hawa tare da shi, don haka mai tunanin haɗa ƙwaya biyu bayan ya ci nama mai maiƙo a wurin biki bai gyara komai ba. Haka nan wanda ya manta da ƙwayar jiya sai ya sha ta yau kawai a lokacinta.

Lokacin sha ya bambanta daga ƙwaya zuwa ƙwaya. Hanta ta fi sarrafa kolestarol da dare, kuma simvastatin ba ya daɗewa a jini, sa'o'i kaɗan ne ƙarfinsa ke raguwa da rabi, shi ya sa ake shansa da yamma ko kafin kwanciya. Atorvastatin da rosuvastatin suna daɗewa, na farko kimanin sa'a 14, na biyu kimanin 19, don haka kowane lokaci ya yi matuƙar dai an tsayar da shi kullum. Wannan ya sa azumin watan Ramadan ba ya kawo wa masu shan statin wata wahala, tunda sau ɗaya ake sha a yini kuma bayan buɗa baki ko bayan tarawihi lokaci ne da ya dace da dukkansu.

Ciwon tsoka shi ne ƙorafin da ya fi kowanne yawa, shi ne kuma babban dalilin da ke sa mutane ajiye maganin, don haka ya cancanci a tsaya a kansa sosai. Irin ciwon da statin ke kawowa yakan zo a manyan tsokoki na cinya da ɗuwawu da kafaɗu da sharaɓa, a ɓangarorin jiki biyu lokaci guda, cikin makonni ko watannin farko na fara sha ko na ƙara adadi, kuma yakan lafa bayan an dakata. Sai dai ciwon jiki abu ne da kusan duk wanda ya manyanta yake fama da shi ko yana shan magani ko ba ya sha, kuma wanda aka gargaɗa cewa ƙwaya tana kawo ciwon tsoka yakan fara sauraron jikinsa fiye da yadda ya saba. A 2022 masu bincike suka tattara bayanan fiye da mutum 120,000 da suka shiga gwaje-gwajen da ba likita ba majinyaci babu wanda ya san ƙwayar da ake sha, suka tarar cewa kashi 27.1 cikin ɗari na masu shan statin sun yi ƙorafin tsoka, yayin da kashi 26.6 na masu shan ƙwaya marar magani su ma suka yi. Ma'ana, a cikin kowane ƙorafi goma fiye da tara ba daga maganin suka fito ba.

Wani ƙaramin bincike da aka yi a Landan aka wallafa a 2020 ya nuna wannan a fili ta hanya mai sauƙin fahimta. An samo mutum 60 da suka riga suka daina shan statin saboda illar da suka ji, aka ba kowannensu kwalba goma sha biyu, ɗaya ga kowane wata: huɗu ɗauke da atorvastatin miligiram 20, huɗu ɗauke da ƙwaya marar magani mai kama da shi sak, huɗu kuma babu komai a cikinsu. Kullum mutum zai shigar da ƙarfin ciwon da ya ji a wayarsa. Da aka ƙirga, sai aka ga cewa a watannin kwalbar da babu komai ciwon kaɗan ne, amma a watannin ƙwaya marar magani ya kai kashi 90 cikin ɗari na abin da aka ji a watannin maganin gaske. Ciwon da waɗannan mutane suka ji na gaskiya ne, babu mai cewa ƙarya suka yi, illa dai tushensa haɗiyar ƙwaya ce tare da tsammanin cutarwa. Bayan an nuna wa kowa sakamakonsa, rabinsu sun koma shan maganin.

Duk da haka kuskure ne likita ya yi amfani da waɗannan alƙaluma ya kori ƙorafin majinyaci, domin akwai illar tsoka ta gaske, kuma mafi muninta tana kisa. Ita ce narkewar tsoka, inda ƙwayoyin tsokar ke fashewa abin da ke cikinsu ya kwarara cikin jini ya je ya toshe ƙoda. Alamominta su ne ciwon tsoka mai tsanani, da kasala har mutum ya kasa tashi daga kujera ko hawa bene, da fitsari da ya koma launin baƙin shayi. Wanda ya ga haka ya dakatar da maganin ya tafi asibiti a ranar, ba tare da jiran ranar ganin likita ba. A asibiti ana auna wani sinadari da ake taƙaita sunansa da CK, wanda ke hawa idan tsoka ta lalace, kuma yana da kyau a san cewa mutanen Afirka, musamman maza, CK ɗinsu a lafiyarsu ma ya fi na Turawa yawa, haka nan noma ko dako ko atisaye mai ƙarfi suna ɗaga shi, don haka ɗan hawa kaɗan ba hujja ba ce. Narkewar tsoka ba ta cika faruwa ba, mutane ƙalilan take samu cikin kowane 100,000 a shekara, kuma idan aka bi sawun waɗanda ta samu akan tarar da ɗaya daga cikin abubuwa biyu: adadi mai yawa, ko haɗuwa da wani magani. Cerivastatin, wanda kamfanin Bayer ya janye daga kasuwa a watan Agustan 2001 bayan rahotannin mace-mace, ya fi yin ɓarna ne a wurin waɗanda suka sha shi da yawa ko suka haɗa shi da gemfibrozil, wani maganin kitsen jini na dangi dabam. A 2011 kuma hukumar Amurka ta hana a fara ba sababbin majinyata simvastatin miligiram 80.

Haɗuwar magunguna, a nan ne haɗarin gaske yake. Hanta tana da wani sinadari da ke wargaza simvastatin da lovastatin da atorvastatin bayan sun gama aiki, kuma duk abin da ya tare wannan sinadari zai sa maganin ya taru a jini ninki-ninki, ƙwaya ɗaya ta yi aikin ƙwayoyi da yawa. Daga cikin masu tare shi akwai magungunan kashe ƙwayoyin cuta erythromycin da clarithromycin, da magungunan fumfunar jiki ketoconazole da itraconazole na sha, da magungunan cutar ƙanjamau masu ɗauke da ritonavir. Ba a haɗa waɗannan da simvastatin ko kaɗan, kuma idan gajeren magani ne na mako guda likita yakan ce a jingine statin har a gama. A inda ake sayen maganin tari ko na ciwon maƙogwaro a kemis ba tare da takardar likita ba, kamar yadda aka saba a garuruwa da yawa na Nijeriya da Nijar, mai sayarwa ba zai san abin da mutum yake sha da dare ba sai an faɗa masa. Amlodipine, wanda yana cikin magungunan hawan jini da aka fi rubutawa, yana tare sinadarin kaɗan, shi ya sa mai shansa ba ya wuce simvastatin miligiram 20. Warfarin, maganin tsinka jini, yakan ƙara ƙarfi idan aka haɗa shi da wasu statin, don haka ake sake gwajin daskarewar jini bayan an fara. Rifampicin na tarin fuka kuwa akasin haka yake yi, yana zaburar da hanta ta wargaza maganin da sauri har ya rasa tasiri. Rosuvastatin da pravastatin ba sa bin waccan hanya ta hanta sosai, abin da ya sa ake komawa gare su ga mai shan magunguna da yawa, ko da yake su ma suna da nasu abokan gaba, misali ruwan maganin gyambon ciki mai alminiyam da magniziyam yana rage shigar rosuvastatin jiki idan ba a bar tazarar sa'a biyu ba.

A cikin abinci garehul ne kaɗai ya yi suna, wato babban lemon nan mai ɗaci-ɗaci, domin ruwansa yana tare irin wancan sinadari mai wargaza statin a cikin hanji, kuma tasirinsa yana wuce yini guda. Lemon zaƙi na yau da kullum ba ya cikin wannan. Jiƙe-jiƙe da garin magani na gargajiya da ƙwayoyin ƙarin lafiya su ma suna bukatar a ambace su, saboda wasu suna wahalar da hanta, wasu kuma maganin ne kansa a ɓoye: jar shinkafar da ake tsimawa da yis a Sin, ake sayar da ita a matsayin maganin kitse na halitta, tana ɗauke da sinadarin da bai bambanta da lovastatin ba, kuma mai haɗa ta da ƙwayar asibiti statin biyu yake sha. Hanya mafi sauƙi ita ce majinyaci ya zuba duk abin da yake sha a leda, na asibiti da na kemis da na mai magani, ya ajiye a kan teburin likita.

Tsoron da ake yi wa hanta ya fi abin da ke faruwa girma. Sinadaranta kan ɗan hau a jikin mutane kaɗan, sau da yawa su sauka da kansu, kuma tun 2012 hukumar Amurka ta daina neman a riƙa gwada su a kai a kai, sai gwajin farko da kuma idan alama ta bayyana, kamar shawara a ido ko fata, ko baƙin fitsari, ko ciwo a saman ciki ta hannun dama. Mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, ko mai kitse a hanta, yakan iya shan maganin idan hantar tana aiki daidai, amma likita ya san da shi tun farko. Batun suga kuma gaskiya ne: statin yana ɗan ƙara yiwuwar kamuwa da ciwon suga, kimanin mutum ɗaya cikin kowane 255 da suka sha na shekara huɗu, galibi waɗanda da ma sugansu yana bakin iyaka, kuma adadin ciwon zuciya da aka kauce wa a cikin waɗannan mutane ya zarce haka.

Mace mai juna biyu ko mai neman haihuwa tana dakatar da maganin bisa shawarar likita, domin ɗan tayi yana bukatar kolestarol wajen gina jikinsa, kuma hutun watanni tara ba ya rushe amfanin maganin da ake sha na shekaru. Wadda ta gano tana da ciki bayan ta sha na wasu makonni ba ta da dalilin firgita, kuma a 2021 hukumar Amurka ta sassauta gargaɗinta don a bar wa likita damar ci gaba da shi ga mata ƙalilan masu haɗari mai tsanani. Ba a so mai shayarwa ta sha.

Bayan mako 4 zuwa 12 da farawa ake sake gwaji don a ga ko an kai inda ake so, daga nan sai sau ɗaya ko biyu a shekara. A wannan gaɓa ce mutane da yawa suke cewa kitsen ya sauka, sun warke, su ajiye kwalin. Lambar ta sauka ne saboda ƙwayar tana riƙe da hanta, kuma cikin 'yan makonni da dainawa LDL zai koma inda yake, kariyar ta tafi tare da shi, abin da ya fi muni ga wanda ya taɓa samun toshewar jijiyar zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Idan tsada ce ta hana, ƙwayoyin da ba su ɗauke da sunan babban kamfani suna aiki daidai da masu sunan matuƙar suna da rajistar hukuma, kamar lambar NAFDAC a Nijeriya, kuma atorvastatin ya yi araha sosai tun da haƙƙin mallakarsa ya ƙare a 2011. Idan kuwa ciwon jiki ne, likita yana da hanyoyi da dama kafin a haƙura: a dakata na makonni biyu zuwa huɗu a ga ko ciwon zai tafi, a sake gwadawa da ƙaramin adadi, a sauya zuwa wani statin, a ba da rosuvastatin kwana ɗaya bayan ɗaya, ko a ƙara ezetimibe miligiram 10, wanda ke hana hanji tsotsar kolestarol kuma yake sauke LDL da kimanin kashi 20 cikin ɗari a kan abin da statin ya riga ya yi.